Ƙorafi Kan Motar da Shanu Suka Ja

Daga: Bushra Mudi Zubair,
a madadin mahaifinta, Alhaji Mudi Zubair,
Bayan Kasuwar Hatsi, Funtua.
9 ga Satumba, 2024.

Zuwa ga: Babban Manaja,
Kamfanin Motocin Hutun Tafiya, Kaduna.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SOKE GARANTIN MOTA MAI ƊAKIN KWANA SABODA SHANUN HUƊA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Yallaɓai yana cikin sanyin ofis, ana gabatar da wannan koke kamar haka:

1. A ranar 30 ga Satumba, 2023, Alhaji Mudi, ɗan kasuwar auduga, ya sayi mota mai gado da banɗaki a wurinku, da garantin shekara guda. Ba don taƙama ya saya ba, duk da abin da 'yan majalisar ƙofar gidansa ke faɗa. Mahaifiyarsa, Hajiya Tasalla, tana fama da ciwon ƙugu, ba ta iya zama a kujerar mota, kuma wanta ɗaya da ya rage a duniya, Malam Shitu, yana garin Dayi. A ranar ciniki har shayi aka ba Alhaji, aka rako shi bakin ƙofa ana Alhaji kaza, Alhaji kaza.

2. A ranar 3 ga Agusta, 2024, aka aiko cewa jikin Malam Shitu ya tsananta. Aka kwantar da Hajiya aka kama hanya. An wuce Malumfashi ke nan motar ta yi tari, ta mutu murus a cikin wani kwari, ga hadari ya haɗo. Alhaji ya kira lambarku. Aka amsa masa cikin ladabi cewa ya kawo motar Kaduna, kuma kada wani makanike ya taɓa ta. Yallaɓai, da tana iya zuwa Kaduna, ai da Dayi ta fara isa.

3. Manoman da ke huɗa a gefen hanya, da suka ga tsohuwa a ciki ruwa kuma na tahowa, ba su jira an roƙe su ba. Suka kwance garma, suka ɗaura shanu, suka fid da motar zuwa tudu, suka ƙi karɓar ko goro. Alhaji, bawan Allah, don murna sai ya ɗauki hoto ya tura muku, wai ku ga yadda yake tattalin kayanku.

4. A ranar 19 ga Agusta, wakilinku Malam Mahadi ya rubuto cewa garanti ya ɓaci, domin an ja motar da abin da ba ya cikin jerin janwe da kamfani ya amince da su. Madalla da wannan bincike! Famfon mai ne ya lalace tun kafin shanun su iso, amma an gano laifin a wuyan shanu. Ana neman sanin ko kamfani ya fi son ruwa ya tafi da motar da tsohuwar tare, muddin dai an bi ƙa'ida.

5. Motar tana nan a tudun. Manoman sun fara shanya kuɓewa a kanta, kuma a iya sanin iyalin, wannan ne aiki mafi amfani da ta yi tun watan jiya. Alhaji ya daina fita majalisa. Abin ya ci masa rai ƙwarai, kuma mai rubutun nan ba ta saba ganin mahaifinta yana sunkuyar da kai ba.

Saboda haka ana roƙon Yallaɓai ya janye takardar Malam Mahadi, ya turo makanike wurin motar, ko ya ba da izini a rubuce Kamalu makanike na Malumfashi ya canza famfon. A yi hakan kafin 30 ga wata, ranar da garanti zai cika da kansa, idan ba ita ake jira ba.

Don cikar bayani, Hajiya ta isa Dayi a ranar. An cire katifar motarku aka shimfiɗa a amalanke, shanun nan dai suka ja ta cikin yayyafi. Ta tarar da wanta da sauran numfashi, ya gane ta, ya rasu washegari. Tana can har yanzu da ƙugun da ya ƙara rikicewa, tana jiran abin da zai maido ta gida a kwance. Shanun ba su ce a kawo ta Kaduna ba.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai girma da saurin karatu.

Taku cikin ladabi,
Bushra Mudi Zubair