Zoben da Na Jefa a Tekun Jidda

Zuwa ga mahaifina, Malam Audu mai dako,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, da fatan Allah Ya yalwata makwancinka, Baba, na zo da maganar da na daɗe ina haɗiyewa. Na san takarda ba ta isa inda kake. Amma tun da a gaban mutane na ci mutuncinka, gara in nemi gafararka a gabansu.

Maganar zobenka ce.

Tun ina ƙarami nake ganinsa a ƙaramin yatsanka na dama. Na azurfa ne, da tsohon riyal aka ƙera shi, ba dutse ba ado. Fuskarsa kullum tana cikin tafin hannu. Sau ɗaya na gan ta sosai, ranar da igiyar jirgi ta yanke ka a tashar jiragen ruwa ta Jidda, Inna tana ɗaure maka hannu. Zane uku ne a jere, sai wani ɗigo a gefe.

Ammu Haruna, Bahaushen Sudan ɗin nan abokin dakonka, shi ma yana da irinsa, haka sauran abokanku biyar. In kun gaisa sai in ji zobe ya taɓa zobe. Ranar Juma'a bayan la'asar ku shige ɗaki ku rufe ƙofa. Wata rana kana cikin cin abinci a leƙo a ce, “Akwai baƙo.” Ka tsame hannu, ka ce, “Yalla, mu je,” ka fita. Ba ka taɓa dawowa da baƙon gida ba.

Da na samu aikin akawu a wani kamfanin jiragen ruwa, na kama ɗaki a unguwar Sharafiyya, sai kaina ya kumbura. Har warin gishirin da ke jikin rigarka na fara ji. A ofis ɗin ne wani ya nuna mini mujalla mai hotunan zobban ƙungiyoyin asiri na Turawa, wani da zanen ido, wani da kayan aikin magina. Ya ce da zoben suke gane juna, da irin musafaharsu, kuma sun yi rantsuwa ba sa faɗin abin da suke yi. Nan take na ce na gano bakin zaren. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, Baba, ni kuwa har wuya na sha shi.

Na zo gida na tsaya a kanka, ko durƙusawa ban yi ba, na tambaye ka ko kun shiga abin da zai raba ku da imani. Ka daɗe kana kallona. Ka ce, “Ya waladi, ɗana, ba duk abin da aka rufe ne ƙazanta ba. Tuwo ma rufe shi ake yi. Halas, shi ke nan, zauna ka ci.” Ban zauna ba.

Inna ta riga ka tafiya da shekara biyu, don haka ranar da ka rasu ba wanda zai tsawata mini. Ammu Haruna da mutum biyar ɗin suka zo da sabulu da ganyen magarya da farin ƙyalle. Na tare ƙofa na ce ba mai taɓa gawar ubana da hannun tsafi. A gaban maƙwabta na faɗa, da ƙarfi. Ammu Haruna ya ce, “Allah Ya ba ka haƙuri, ɗana,” suka koma sahun baya. Na kira wasu da ba su san ko sunanka ba suka yi maka wanka. Ni da kaina na zare zoben da ruwan sabulu. Washegari da safe na je ƙarshen tasha na wurga shi cikin teku, ina jin na cece ka daga wuta.

Ranar bakwai Ammu Haruna ya dawo shi kaɗai, ya ce ya zo karɓar zoben. Na gaya masa inda yake, har da ɗaga kai. Tsohon nan ya zauna a ƙasa. Sannan ya buɗe tafin hannunsa, ya karya rantsuwar shekara talatin saboda ni.

Ya ce zane na farko ruwa ne, na biyu likkafani, na uku kabari. “Baƙo” kuwa shi ne alhajin da ya sauko daga jirgi ya mutu a tasha, ba dangi, sau da yawa ba takarda. Ku kuke yi masa wanka, ku haɗa likkafani daga gumin dakonku, ku kai shi makwancinsa. Kuna ɓoyewa ne don wasunku ba su da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar, kuma don kada yabon mutane ya cinye ladan. Shi ya sa fuskar zoben take kallon tafin hannu, hannun da ke yin aikin.

Na duba nasa, ba ɗigo. Na tambaya.

Ya ce, “Ɗigo na wanda ya ɗauki maraya ne. A cikinmu Audu kaɗai ke da shi.” Wata mata ce ta sauko daga jirgin da ya taso daga Sawakin ta Sudan da jariri a bayanta, ta cika kafin a ji sunanta. Abin da ta mallaka duka ɗan kunnen azurfa ne guda ɗaya. Al'adarku ita ce a narka shi a ɗiga a kan zoben wanda ya ɗauki yaron. Ba a gaya wa yaron komai sai bayan mariƙinsa ya rasu, don kada ya taɓa jin shi baƙo ne a gidan. Ranar bakwai shugaban ƙungiya ya karɓi zoben, ya yi wa yaron bayani, ya sa masa a yatsa.

Abin da ya kawo shi ke nan, Baba. Ya zo ne don ya sa mini shi.

Kunyar nan har yau ba ta sake ni ba. Na kori mutanen da suka binne uwata daga wanke ubana. Abu ɗaya da ta bari a duniya, wanda ka riƙe mini a tafin hannunka kana dako da shi, ni na jefa shi a ruwa. Kuma da na zage ka, kalma ɗaya ta isa ta rufe mini baki, amma ka gwammace in ɗauke ka matsafi da in ji ni ba ɗanka ba ne.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya na durƙusa. Sun yafe, har suka koya mini wankan gawa. Sun so su ƙera mini sabon zobe, na ce a bari. Yatsana haka yake har yau, in ina zuba ruwa a kan baƙo ina ganinsa.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya jiƙan Inna, Ya jiƙan matar da Shi kaɗai Ya san sunanta. Yadda ka rufa wa bayinSa asiri, Ya rufa maka naka. Ka yafe mini.

Ɗanka, in har ka yarda in ci gaba da amsa sunan,
Sa'idu