Katin Saukar 'Yar Malam Sajo

Gumel,
15 ga Disamba, 1998.

Zuwa ga Yaya Ummukulsum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da su Abdurra'uf. Allah Ya ƙara lafiya, Ya raya yara, Ya sa zaman Fatakwal ya zama alheri. Mu ma nan ƙalau muke. Inna ta warke daga ciwon ƙafa har tana fita unguwa, kuma bana an sami wake sosai a Gagarawa Tasha.

Yaya, albishir nake miki. Kin san Bappa wata uku kawai ya ba ni a shagon kwamfuta na Anti Felicia, ya ce in ban koyi komai ba in koma gida. To, har wata ukun ya kusa cika, shara da jera takardu ne aikina, don kunya ba ta bari in yi tambaya. Amma ina kallo. Mijinta, Oga Ephraim, shi ya tsara yadda injin ke buga katin biki. Akwai wani fayil, wato shafi a cikin kwamfutar, kowane layi suna ne a hagu, bayani a dama, kamar ANGO da sunan ango, RANA da ranar biki. Injin na karanta layi, sai ya buɗe mazubi mai wannan suna ya zuba bayanin ciki. Duk inda aka rubuta ANGO a jikin kati, daga mazubin yake ɗebowa.

Ranar Larabar da ta wuce wani dattijo, Malam Sajo, ya zo daga Ɗanzomo yana son katin saukar Alƙur'ani na 'yarsa Mairo, walima kuma Juma'a. Oga ya tafi Jos ganin gida. Anti ta ba shi haƙuri, ta ce shi injin, ango da amarya da mai jego kaɗai ya sani. Malam ya yi dariya ya ce ai shi bai zo aurar da kowa ba tukuna, amma na ga jikinsa ya yi sanyi. Ni kuwa na daɗe ina zargin injin bai san kowa ba, kamar buhunan masussuka ne, sunan da aka rubuta da gawayi shi ne mai buhu. Sai da Malam ya sa takalmi, sannan na ce wa Anti a hankali ko in gwada. Ta ce ashe ina magana, ta ja mini kujera.

Na zauna na ƙara layuka: ƊALIBA, MALAMI, MAKARANTA, na sa sunayen a jikin kati. Na farko ya fito da kuskure, don na rubuta RANA a sama alhali ta bikin baya tana nan ƙasa, ta ƙasa ta kori ta sama, walima ta koma Asabar. Na goge ɗaya, na sake bugawa, sai ga kati tsaf. Anti ta rungume ni tana kirana injiniya, Malam Sajo ya yi ta sa mini albarka, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Gaskiya ne, mai haƙuri yakan dafa dutse.

Shekaranjiya Bappa ya zo tafiya da ni, har na ɗaure kayana. Anti ta zayyana masa komai, ta ce in ya ɗauke ni, ita ma sai ya nemo mata wurin zama a motar. Bappa ya daɗe yana juya katin nan mai kuskure, alhali ba ya karanta boko. Can ya ce in kwance kayana, in ƙara shekara guda. Ya ninke katin ya sa a aljihun gaba, wai zai nuna wa mutanen Tasha.

Ki gaishe mini da maigida da kyau, da Abdurra'uf da Sabuwa 'yar lelena. Inna da Hamma suna gaishe ki. Ki ci gaba da sa ni a addu'a, Allah Ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa mai ƙaunarki,
Lauratu.