Ranar da Na Juya Fim

Stockholm, Maris 1986

Yaya Aila,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Ki ce mata ina cin abinci, ko da ba kullum mai zafi ba.

Saura ƙiris in rasa aikina a sabuwar tashar fina-finan nan da ake biya duk wata. Ranar Lahadi na saka kaset na biyu kafin na farko, jarumin ya mutu sannan ya yi aure. Shugabarmu Birgitta ta kira ni, na shiga, na tarar tana dariya.

"Reijo, mutum ɗari uku suka bugo suna zaginmu. Ashe ana kallonmu!"

Da ma masu tashar na shirin rufe ta, wai ba mai kallo. Sun fasa.

Ki aiko min safar ulu, da alama zan daɗe. Allah ya ƙara wa Mama lafiya.

Ƙaninki,
Reijo