Farantin Nikel da Yaya Ta Wanke

Malali, 3 ga Agusta

Yaya Husaina,

Bayan gaisuwa. Shekara uku ina gyaran fuskar farantin nikel ɗin nan, nau'i mai nauyi da na sha wuya kafin in samu, don ya sha iskar haidirojin ya ba da zafi ba tare da wuta ba. Baƙin da kika gani a kansa shi ne aikin. Kika shiga ɗakin bincikena kika dirje shi kamar gindin tukunya. Na riƙe ki tun rasuwar mijinki, amma jahilci ba ya jin magani. Kayanki suna cikin buhu a bakin ƙofa, ki aiko a ɗauka.

Ki huta lafiya.
Dakta Salim

Unguwar Shanu, 9 ga Agusta

Salim,

Ina gaishe ka. Datti na gani na wanke, kamar yadda na wanke maka wando kana yaye. Buhun ya kwana uku a ruwan sama kafin in samu mai ɗauko shi. Na gode.

Yayarka

Malali, 28 ga Agusta

Yayata abar ƙaunata,

Da fatan kina lafiya, ya ƙafar taki? Farantin da kika wanke na saka shi a na'ura don in nuna wa shugabanmu ɓarnar, sai ga zafi, kwana goma sha ɗaya bai sauka ba. Na riga na sanar cewa dabarata ce. Yanzu zafin ya mutu, kuma ranar Alhamis masana za su zo in maimaita a gabansu, in na kasa a kore ni a matsayin maƙaryaci. Na gwada toka, na gwada lemun tsami da yashi, shiru. Don Allah da me kika wanke? Ɗakinki yana nan, na sa an yi masa fenti.

Ƙaninki mai biyayya,
Salim

Unguwar Shanu, 30 ga Agusta

Dakta,

Ƙafa da sauƙi. Ba zan ɓoye maka ba, sabulun salo ne, curin ƙarshe da Inna ta dafa kafin ta rasu. Ba ta taɓa faɗa wa kowa tokar itacen da take zubawa ba. Ni ma sansanawa kawai nake yi in na tuna ta, ranar nan na gutsura don in faranta maka.

Ragowar tana cikin buhun nan lokacin da ruwan sama ya yi ta dukansa. Ka duba kwatar ƙofar gidanka.

Allah ya ba da sa'a ranar Alhamis.
Husaina