Na Sace Hoton Da 'Yata Ta Ɗauke Ni

Malama mai shawara, ki taimaka mini, na ɗaure kaina da igiyar da na tufka. Ni mai gyaran fanka ne da dutsen guga. A aji huɗu muka rabu da boko, shi bai yi kuka ba, ni ma ban yi ba. A layinmu an san ni da barkwanci, ko allura za a yi mini sai likita ya dara.

'Yata ta fari tana koyon ɗaukar hoto a kwaleji. Ga waya a hannunta, amma sai ta kinkimo tsohuwar kyamara mai fim, irin wadda sai an wanke ake ganin abin da aka shuka. Ran Asabar da rana tsaka ta toshe tagar falo da bargo, ta yafa wa tocilar aikina farin hankici, ta ba uwarta ta haska ni daga gefen kunne. Wai hasken kaɗan ne, kada in motsa sai ta ƙirga huɗu. Tana cewa ɗaya, na ce uwarta ta yi kama da mai gadi. Tocila ta girgiza, ni ma na girgiza. Haka muka cinye fim mai hoto talatin da shida.

Da aka wanko, talatin da biyar sun fito kamar aljani cikin hayaƙi. Ɗaya ne ya fito tsaf, wanda barkwanci ya ƙare mini na yi shiru. Malama, ban san mutumin nan ba. Rabin fuska duhu, ido ya zurma, goshi kamar an yi huɗa. Mahaifina sak, watan da zai rasu.

Shi ta zaɓa za ta liƙa a bajekolin makarantarsu ran Alhamis. Sai na sace shi, har da ɗan yankin fim ɗinsa, na cusa a akwatin kayan aiki. Kwana uku tana birkita ɗaki tana tsine wa sakacinta, ni kuma, babu kunya, ina taya ta ɗaga katifa. Tocila ce ta yi ƙarya, ko ni ne nake yi shekara da shekaru? In mayar, ko in ce ɓera ne?

Uban Mai Kyamara

Baban mai kyamara, ka ƙyale ɓera, laifinsa ya ishe shi.

Kana da gaskiyarka. Fuskarka taka ce, kana iya cewa kada a liƙa ta. Kuma hasken gefe yakan zurfafa kowane tamoji, don haka tocila ta ƙara gishiri. Amma ba ita ta dafa miyar ba.

Sai dai fim ba waya ba ne. Yankin nan da ka ɓoye shi ne uwar hoton, babu wani. Ka bar yarinya tana zargin kanta a kan laifinka, wannan ya fi hoton muni.

Ka lura, da ta ga hoton ba ta firgita ba, zaɓarsa ta yi. Ta daɗe da sanin wannan fuskar, uwarta ma haka. Kai kaɗai ne a gidan ba ka taɓa ganinta ba.

Ka mayar mata yau, hannu da hannu, ka ba ta haƙuri ba tare da wasa ba, ka faɗa mata wanda ka gani a ciki. In har yanzu zuciyarka na ɗar-ɗar, ka roƙe ta ta liƙa ɗaya daga cikin masu hayaƙin a gefensa, duka biyun kai ne. Allah ya ba ta sa'a ran Alhamis, kai kuma ya ba ka ikon yin shiru har a ƙirga huɗu.