Ni na kwashe kainuwar, Baba Kyari ake zargi

Gwaggo Zainaba, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni 'yar kwaleji ce a nan Damagaram. A garkarmu ta bayan Birni akwai ɗan tafki na siminti da tarwaɗa uku a ciki, kainuwa ta rufe samansa. Baba Kyari, tsohon da ke mana ban ruwa tun ban san kaina ba, shi ke kula da shi. Bana mushe, wato malaminmu, ya koya mana cewa sauro a ƙarƙashin irin wannan ciyawa yake ƙyanƙyasa. Har na ci sha takwas bisa ashirin a darasin. Da aka yi hutu, ranar wata Juma'a maza suna masallaci, na kwashe kainuwar kaf na binne a bola. Ban shawarci kowa ba, a raina ni ce mai ilimi.

Kafin kwana goma gansakuka ta cika ruwan, kore shar kamar miyar kuka, ga wari. Na tsorata, na ɗebi kanwar Inna na zuba wai ta wanke shi. Washegari tarwaɗa biyu suna yawo ciki sama.

Yanzu babana ya ce tsufa ya kama Baba Kyari, ƙarshen wata zai sallame shi. Tsohon bai musa ba. Sau ɗaya ya dube ni, ina jin ya ga sawuna, ya ci gaba da kwasar gansakuka da hannu. In na gaishe shi, har karatuna yake tambaya. Yaya zan gyara ruwan ba tare da kowa ya sani ba?

Mai Jin Kunya, Birni

'Yata,

Mushenki bai yi ƙarya ba, sauro na son ruwa mai ciyawa. Abin da bai faɗa ba, tarwaɗa na cinye 'ya'yan sauron, kainuwa kuma inuwa ce. Da kika yaye ta, rana ta samu ruwan, gansakuka kuwa rana take so.

Ki tace ta da tsohon kwando kowace safiya. A riƙa rage sulusin ruwan ana ƙara sabo har kanwar ta fita. A kafa zana ta yamma, a kawar da taki daga bakin tafkin, a mai da kainuwa ta rufe rabinsa kawai.

Amma ruwa ba zai gyaru kafin ƙarshen wata ba, kuma ko ya gyaru, zargin na kan tsohon. Niyyarki mai kyau ce, shirunki ne laifi. Yau ki faɗa wa Inna, ta raka ki gaban babanki. Faɗa za ki sha na yini guda. Shi kuwa tsohon, abincin iyalinsa zai rasa. Sannan ki durƙusa ki roƙi gafarar Baba Kyari, ki tambaye shi inda ake samo kainuwa. Ya rufa miki asiri, saura ke ki wanke shi.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya raya tarwaɗar da ta rage.

Gwaggo Zainaba