Yadda Muka Fitar da Malam Hudu Daga Sahu

Zuwa ga yayana kuma malamina,

Aminci da rahamar Allah su lulluɓe makwancinka. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, ina rubuto maka ne game da masallacin unguwarmu a Kiyawa, wanda ka bar mini limancinsa, da abin kunyar da aka aikata a cikinsa ina tsaye a gaba.

Ka san Malam Hudu, wanda kyanda ta tafi da idanunsa tun yana ƙarami. Ka san yadda yake shiga sahu: ya miƙa hannu ya taɓa kafaɗar na kusa da shi, ya daidaita ƙafarsa da tasa, da haka yake sanin ya fuskanci alƙibla. Kai ne kake cewa, "Ku matsa wa Malam Hudu, kafaɗunku ne idanunsa."

Bayan rasuwarka annobar korona ta sauka. Da aka sake buɗe masallatai, aka umarce mu da barin tazara tsakanin masallata. Muka zana alamomi da alli a kan siminti. Babu wanda ya tuna cewa a cikinmu akwai wanda ba ya ganin alli.

A Azahar ta farko ya miƙa hannu kamar yadda ya saba. Wani attajirin hatsi da ke gefensa ya zabura, ya kaɗe babbar rigarsa, ya ce, "Malam, janye hannunka!" Na ji da kunnena, Yaya, amma na tayar da kabbara. Sai da na sallame na juyo, na gan shi zaune yana fuskantar tagar kudu. Raka'a huɗu cur. Maza masu idanu suna kallo, babu wanda ya kama kafaɗarsa ya juya shi.

Abin da ya fi tayar mini da zuciya shi ne, da yammacin ranar na ga wasu daga cikinsu cunkushe a keke napep za su Dutse, gumin wannan yana jiƙa rigar wancan, suna ta raha. A wurinsu hannun makaho kaɗai ke ɗauke da cuta, wai saboda yana lalube.

Washegari dattawan unguwa suka yanke cewa ya riƙa salla a gida, kuma ni aka aika. Na tafi da hujjoji, na jera masa rangwamen da shari'a ta yi wa mai uzuri. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Na ji, Liman. Ashe ni ne annobar." Ilimin da ka ɗauki shekaru kana ɗura mini, da shi na ɗinka wa tsoron mutane riga. Ina ƙyamar abin da suka yi, amma na fi ƙyamar bakina.

Annoba ta wuce, alli ya goge, sahu ya haɗe. Malam Hudu bai dawo ba.

Makon jiya na je gidansa bayan La'asar. Na tarar matarsa, Iya Talatu, ta kafa turaku biyu a zaure, ta ja igiyar rama a tsakaninsu dab da ƙasa. Yakan taka ta da yatsun ƙafarsa, ya san gabas. Igiya guda, Yaya, irin wadda ake ɗaure akuya da ita. Mu da rawunanmu da tarin karatunmu, wannan bai faɗo wa ɗayanmu a rai ba, domin ba mafita muke nema masa ba, rabuwa da shi muke nema.

Na durƙusa na nemi gafararsa, na roƙe shi ya dawo. Ya yi mini addu'a mai tsawo, har da kai a ciki. Sannan ya ce, "Na yafe, Liman. Amma bar ni a nan. Igiyar nan ba ta ƙyamata."

Ya Allah, Ka yalwata kabarin yayana, Ka karɓi sallar bawanKa Hudu duk inda ya fuskanta, kada Ka juya mana baya ranar da za mu miƙo hannu muna lalube.

Ƙaninka,
wanda ya kasa riƙe amanar da ka bar masa.